Haƙoran Tsakiya

Wata bakwai ke nan tana kan bulo huɗu
a tsakar gidana, nan Rumde Ajiya.
Ja ce a da, yau launin tukar goro,
kujera biyu, ba rufi, ba wurin kaya.
Hannun wani injiniyan auduga na saye ta
ranar da yake ɗaure akwatunansa a Garwa.
Ya miƙo makulli bai dube ni ba.

Sitiyarinta ya koyi wasa.
Ka murɗa yatsu huɗu, taya ba ta ji ba,
sallama ce kake yi wa kurma.
A kan gadar Binuwai na gane haka,
na nufi Pitowa, ita ta nufi dorina.

Makanikai uku sun duba.
Ɗaya ya ce sai an aika Duwala,
ɗaya ya ce sayar mini in yi wa kaji akurki,
na ukun ya sha shayina ya tafi.
Sai na shimfiɗa buhun siminti na kwanta ƙarƙashinta,
jikata Didja riƙe da tocila,
tana haska mini kunne maimakon noti.

Na zaro sandar, kirimaya suke ce mata a nan,
tsawon hannu ɗaya da rabi.
Robobin bakinta masu kama da zugazugi sun yage,
yashi ya shiga ya auri giris,
sun haifi wani baƙin kunu.
Na wanke da kananzir a tsohuwar tasar tuwo,
da buroshin haƙorin da na daina buƙata.

Nan na ga abin da ya zaunar da ni.
Haƙoran gefe sababbi ne fil,
kamar jiya aka yanke su.
Na tsakiya ne suka siɗe, suka yi sulɓi,
guda shida ko bakwai.
Ashe ba kwana ke cinye ƙarfe ba,
miƙe hanya ne,
ɗan gyara dama, ɗan gyara hagu,
shekara da shekaru, ba wanda ya lura.
Talatin da ɗaya na yi a gidan waya
ina buga hatimi a wuri guda.
Didja ta ce, Kaka, irin bakinka ne.
Na ce riƙe tocilar da kyau.

Malam Hamajoda mai injin sassaƙa a Yelwa
ya fitar mini da zoben tagulla, jaka biyu da rabi,
ya rantse ko gashi ba zai ratsa ba.
Gashi ya ratsa.
Na yanka gwangwanin sadin da almakashi,
falle ɗaya ya yi sako-sako,
uku sun shaƙe ta har ta ƙi motsi,
biyu ne daidai.
Kwana huɗu na yi kafin in san biyu ne.

Wani ɗan kwallon ƙarfe ya faɗi ya gangara,
zakara ya riga ni.
Ban faɗa wa kowa yadda muka ƙare da zakaran ba,
amma ranar an ci miya mai daɗi.

Na cusa sabon giris da yatsa,
haƙori bayan haƙori, ina kiran sunan Allah.
Juyi uku da rabi daga ƙarshe zuwa ƙarshe,
raba biyu, ka sami tsakiya.
Na ɗaure komai, na sauke ta daga bulo,
bayan la'asar, inuwar darbejiya ta kai bango.

Ta ji magana.
Ko numfashi na yi a kan sitiyarin, sai taya ta amsa.
Sai dai na kuskure da haƙori ɗaya,
mota na tafiya sak,
sitiyari kuwa ya karkace kamar hular ɗan gaye.

Didja ta ce mu sake kwancewa.
Na dubi gwiwoyina, na dubi rana.
Lahadi kasuwar Pitowa ce.
Hau, na ce mata,
ki riƙe ɗankwalinki.